Sunan Yaro Ba Kayan Ado Ba Ne

Kwanakin baya na halarci wani suna bayan sallar Asuba a nan Maraɗi. Da liman ya tambayi mahaifi sunan jaririya, sai ya zaro waya yana duba. Ya faɗa, liman ya ce ya maimaita, har sau uku. Aka tambaye shi ma'anarsa, ya ce shi dai uwar yarinya ta gani a Facebook, kuma babu mai irinsa a unguwa. To jama'a, nan fa matsalar take.

Yau ana ɗauko suna daga fina-finan Indiya da na Turkiyya da aka fassara, ko daga intanet. Burin kawai a ce sunan ɗan wane ya fita daban, kamar sabon leshi ranar biki. Wasu kuma su buɗe Alƙur'ani, duk kalmar da ta yi musu daɗi a kunne su raɗa wa yaro, wai ai daga Littafin Allah take. Wannan kuskure ne. A cikin Alƙur'ani akwai Fir'auna da Hamana da Ƙaruna. Kalmar Zanim tana cikin Suratul Ƙalam, tana da daɗin faɗi, amma zargi ce ga wulaƙantaccen mutum mai jingina kansa ga dangin da ba nasa ba.

Annabi (SAW) ya kula da ma'anar suna. Ya canza sunan 'yar Sayyidina Umar daga Asiya mai ainun da sadi, wato mai saɓo, zuwa Jamila. Kada ɗalibai su rikita shi da Asiya matar Fir'auna, wannan suna ne mai kyau. Ya mai da Barra ta koma Zainab saboda sunan yana ɗauke da yabon kai. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib, Haznu, ya ƙi karɓar Sahlu, jikan kuwa ya ce tsanani bai bar gidansu ba tun daga nan. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da Allah ya fi so.

Wata sabuwar kuma ita ce ta alkunya. Da can, in an sa wa yaro sunan kaka, sai a sakaya da Abba ko Ummi don kunya. Yanzu an yanka rago da sunan Muhammadu ko A'isha, amma laƙabin ƙawa ya haɗiye shi, har yaro ya shiga makaranta bai san sunansa na yanka ba.

Ba mu ce kowane sabon suna haramun ne ba, kuma ba dole sai na Larabci ba. Iyayenmu sun kira Ɗanjuma da Talatu da Gambo, kowa ya san abin da suke nufi. Abin da muke suka shi ne alfahari da kwaikwayo cikin jahilci. Yayi yana wucewa, amma sunan yana nan a takardar haihuwa, da shi za a ɗaura wa yaro aure, da shi za a sanar da rasuwarsa.

Don Allah iyaye, kwana 7 ke gare ku kafin ranar suna. Ku tambayi malami ma'anar sunan tun kafin a raba goro. Limamai kuma kada ku ji nauyin tambaya. Allah ya shirya mana zuriya, amin.