Shigar da Sauti ta Makirufon Manhaja: Nazarin Wata Al'ada a Yankin Funtua da Malumfashi

Kara makirufo a bakin rikoda tsohuwar dabara ce a kudancin Katsina, domin tun zamanin kaset masu hayar lasifika sukan yi haka don waƙar Alhaji Mamman Shata, wanda ya daɗe zaune a Funtua kafin rasuwarsa a 1999, ta karaɗe filin biki. Aibin dabarar shi ne sautin yakan bi ta iska, ya kwashi rurin janareto da ƙarar babura, sannan ga kuwwar nan mai soka kunne da ke tashi idan makirufo ya sake jin abin da lasifika ta fitar.

Makirufon manhaja ya kawar da iskar gaba ɗaya. Asalinsa direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke shiga tsakanin kwamfuta da na'urar da aka jona mata, sai dai shi babu wata na'ura a bayansa. Yana da baki biyu, ɗaya kwamfuta na ganinsa a matsayin lasifika, ɗayan kuma a matsayin makirufo, ta yadda duk sautin da aka zuba a na farko zai fito ta na biyu, kamar ruwan da aka jawo ta tiyo a gonar rani. VB-CABLE na kamfanin VB-Audio da ke Faransa yana wannan aiki a Windows, BlackHole kuma a Mac. Sautin yana tafiya ne a matsayin lambobi, galibi 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, kuma idan bakunan biyu ba su daidaita a kan adadi ɗaya ba murya takan gurɓace ko ta sauya amo. Haka nan ma'ajiyar wucin gadi, inda lambobin ke jiran a ɗauke su, idan ta yi ƙaranci sauti ya riƙa tsinkewa, idan ta yi girma magana ta makara.

Ga mai watsa tafsirin azumi daga Malumfashi a Facebook, dandalin da ya buɗe wa kowa damar watsa shiri kai tsaye a 2016, alfanun a fili yake, tunda karatun alaramma zai isa kunnen ɗan ci-rani a Legas garau.

Abin da ya cancanci damuwa shi ne matsayin murya a matsayin shaida. A yankin da dillali da manomi ke ƙulla cinikin masara da auduga ta waya, inda kuma iyalan da aka sace wa mutum ke dogara da jin muryarsa don tabbatar da yana raye, manhajar kira ba ta bambanta bakin mutum da sautin da aka zuba mata. Tsohuwar dabara takan tona kanta da hayaniyar wuri, sabuwar ba ta barin sawu. Muryar da aka naɗa tun jiya ba ta iya amsa tambayar da ba a shirya mata ba, amma manhajojin sauya murya nan take, waɗanda su ma ta irin wannan direba suke bi, suna iyawa.