Yankamanci Cikin Sabuwar Riga: Sharhi a kan Fina-finan Ba'a na Wasan Karta

1. Gabatarwa

Cikin watan Yuli na 2006 wani saurayi Baturen Ingila mai suna Martin Billany, wanda aka fi sani da laƙabin LittleKuriboh, ya ɗauki kashi na farko na wani fim ɗin zane na ƙasar Japan, ya datse shi daga minti 20 da 'yan kai ya mai da shi 'yan mintoci kaɗan, ya share muryoyin da ke ciki, ya sa tasa, sa'an nan ya ɗora shi a YouTube. Ya kira aikin Yu-Gi-Oh! The Abridged Series, watau taƙaitaccen Yu-Gi-Oh. Ba a daɗe ba waɗansu samari suka bi sawunsa da waɗansu fina-finai, har abin ya zama wani fanni mai zaman kansa.

Mai yiwuwa ne malami ya tambaya, me ya haɗa wannan da nazarin Hausa? Amsa ita ce, Bahaushe ya daɗe da sanin wannan sana'a, yana da suna dominta, yana kuwa da ma'aunin da ya ke auna ta. Mutumin Bafarawa ko Isa ko Sabon Birni, wanda ya tashi yana jin zambon makaɗan fada, yana kuma ganin wasan Bagobiri da Bayarabe a kasuwa, yana da kayan aikin da zai yi wa Billany hukunci da su. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa irin wannan ba'a dangin yankamanci ce wajen sigarta, dangin wasan taubasai ce wajen manufarta, kuma duk inda ta bar ka'idar taubasantaka sai ta lalace.

2. Asalin fim ɗin

Kazuki Takahashi, wanda ya rasu cikin 2022, shi ya fara zana labarin Yu-Gi-Oh cikin wata mujallar yara ta Japan a 1996. Kamfanin Konami ya fito da kartar wasan a 1999, zuwa 2011 kuwa an sayar da karta fiye da biliyan 25. Fim ɗin da a ke magana a kansa an nuna shi a talabijin na Japan daga 2000 zuwa 2004, kashi 224, kamfanin 4Kids na Amurka kuma ya juya shi zuwa Ingilishi daga 2001.

Labarin wani yaro ne, Yugi, wanda kurwar wani Fir'auna na Masar ta dā ta kan hau kansa in zai yi wasa. Kowace rigima ta duniyar fim ɗin da karta a ke raba ta. A kashi na farko ma, wani yaro mai dukiya, Kaiba, ya ci kakan Yugi a wasa, ya yaga masa kartar da ya fi so, tsohon ya ƙare a asibiti. A nan lagon labarin ya ke: an ɗora rai da mutuwa a kan abin wasan yara, ga shi kuwa abin wasan nan ana sayar da shi a kanti.

Masu fassara na Amurka sun ƙara wani lagon. Domin a nuna wa ƙananan yara, sun share bindigogi daga hannun mugaye, har a kan ga ƙato yana nuna mutum da yatsa kawai, mutumin yana rawar jiki. Inda Japanawa suka ce za a mutu, su sai suka ce za a tura mutum wata duniyar inuwa. Sun sauya sunaye, Jonouchi ya koma Joey, suka ba shi karin harshen unguwar Brooklyn ta birnin New York, wani yaro kuma, Bakura, suka ba shi na Ingila.

3. Yadda a ke juya shi

Dabarun Billany uku ne. Ta fari, taƙaitawa: ya kan cire dogon bayanin da 'yan wasa su ke yi a kan kowace karta, sai ƙashin labarin ya fito fili, wautarsa ta bayyana ba tare da an ƙara kome ba. Ta biyu, sa wa mutum a baki abin da mai kallo ya ke faɗi a zuci. Mutanen fim ɗin su da kansu su kan riƙa tuna wa juna cewa wasan yara ne fa su ke yi, Kaiba kuwa ya kan faɗi ƙarara cewa doka ba ta hau kansa ba tun da ya ke yana da kuɗi. Ta uku, ƙara gishiri ga muryoyin da 4Kids suka zaɓa, har karin harshen kowa ya zama shi ne halinsa duka.

Abin lura a nan shi ne, rabin ba'ar a kan masu fassara ta faɗa. Sa'ad da ya ke wasa da bindigar da ba a gani, hukunci ya ke yanke wa mai fassarar da ya raina hankalin yara. Saboda haka aikin nan sharhi ne a kan fassara, ko da ya ke da dariya aka yi shi, kuma ya kan kama kuskuren da mai rubuta sharhi zai ci shafi biyu kafin ya bayyana.

4. Yankamanci

'Yan kama su ne masu ban dariya na ƙasar Hausa waɗanda su kan ɗauki waƙar wani sanannen mawaƙi, ko salon karatun malamai, su riƙe karin yadda ya ke, su zuba maganar abinci a ciki. C. G. B. Gidley ya rubuta maƙala a kansu cikin mujallar African Language Studies a 1967, Graham Furniss kuma ya yi maganarsu cikin littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa.

Ga mai nazarin harshe, gwanintar ɗan kama tana wajen zaɓen kalma. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa ta ke tafiya, muryar magana kuma tana hawa tana sauka. In ɗan kama zai cire kalma, sai ya nemo wadda ta yi daidai da gurbinta. Misali, doki da nama: kowace gaɓa biyu ce masu nauyi, ta fari murya sama, ta biyu ƙasa, don haka in aka cire dokin sarki aka sa nama, kunne ba zai ji tuntuɓe ba, hankali ne kaɗai zai ji. Haka kuma zaki da zaƙi, harafi ɗaya da faɗuwar murya suka raba su, amma ɗaya kirarin jarumi ne, ɗaya kuwa zancen mai kwaɗayi. Dariya tana fitowa daga tazarar da ke tsakanin girman kari da ƙanƙantar abin da aka zuba a cikinsa.

Mai juya fim a kan wannan turba ya ke. Hoto shi ne karinsa: tsawon lokacin da bakin ɗan wasa ya ke motsi, da ɓacin fuskarsa, da kiɗan da ke tashi a bayansa, su suka ƙayyade masa iyakar abin da zai faɗa. Bambanci ɗaya ne. Ɗan kama ba shi da ikon taɓa kari, shi kuwa mai kwamfuta yana iya yanka hoto, ya maimaita shi, ya gyara motsin baki. Aikinsa ya fi sauƙi ta wannan fuska, don haka bai kamata a yaba masa kan dacewar magana da baki kamar yadda a ke yaba wa ɗan kama ba.

Ya kamata kuma a rarrabe wannan da aro. Masu bandiri na Kano, waɗanda Brian Larkin ya yi nazarinsu, su kan ɗauki karin waƙar fim ɗin Indiya su zuba yabon Annabi a ciki. Su ɗaga kari su ke yi zuwa abin da ya fi shi daraja, ba su nufin a yi dariya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu cikin Disamba 2014, shi ya fi kusa da 'yan kama, kamar yadda ya kwaikwayi mawaƙin Kwango Awilo Longomba cikin fim ɗinsa Ibro Awilo.

5. Zambo ko wasan taubasai?

Ƙasar Gobir ta san ba'a iri biyu. Akwai zambo, wanda Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya shahara da iya shi. Mai zambo yana da ubangida, yana da abokin gaba, nufinsa ya rage wa abokin gaban nan daraja domin ta ubangidansa ta ƙaru. Akwai kuma wasan taubasai, irin na 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, wanda ya faɗaɗa har ya shiga tsakanin ƙabilu, kamar Gobirawa da Yarabawa. Bagobiri ya kan gaya wa Bayarabe maganar da in wani ya faɗa sai an kai ga alƙali, su rabu suna dariya. Ka'idojin wasan nan uku ne: su biyun sun san juna, kowa yana da damar ramawa, kuma zumunci ya kan fi ƙarfi bayan wasan.

In aka auna aikin Billany da wannan ma'auni, za a ga na taubasai ne. Ba mai iya yin sa sai wanda ya kalli kashi bayan kashi har ya haddace, ba kuwa mai jin daɗinsa sosai sai wanda ya yi haka. Maƙiyin fim ba zai ba da shekarunsa ga wannan wahala ba. Masu kallonsa kuma ba su daina son Yu-Gi-Oh ba, ƙara tunawa da shi suka yi.

Amma taubasantaka sai ɓangare biyu sun yarda da ita. Al'ada ce ta ba ɗan kama izini, malamin da aka kwaikwaya ya san ba a kai ƙarar ɗan kama. Kamfani kuwa bai san taubashi ba, haƙƙin mallaka ya sani, shi ya sa aka sha sauke aikin Billany daga YouTube, aka sha rufe masa shafi. A Kano ma, cikin 2008, kotun tafi-da-gidanka mai shari'ar fina-finai ta ɗaure Ibro wata 2 kan fim ɗin Ibro Aloko. Dalilan biyu ba ɗaya ba ne, amma darasin ɗaya ne: ba'a in ta bar dandali ta shiga na'ura, izinin da al'ada ta ba ta ba ya binta can.

6. Inda aikin ya kasa

Aibi na fari shi ne, wasan na 'yan gida ne. Wanda bai ga fassarar 4Kids ba, rabin dariyar za ta wuce shi, da yawa daga sauran kuma ta rataya ne ga fina-finai da waƙoƙin Turai da Amurka na wani ɗan lokaci. Abincin ɗan kama kowa ya san shi, tuwo ba ya tsufa. Na biyu, maimaici: maganar da ta ba da dariya sau ɗaya a kan yi ta jan ta har ta zama tambari, mai kallo ya koma yana dariya don ya gane ta kawai. Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne inda karin harshen mutum ya zama shi ne abin dariyar, ba abin da ya faɗa ba. A nan ka'idar ramawa ta faɗi, gama wanda a ke kwaikwayon harshensa ba ya wurin.

7. Abin da ya shafi malamai

Cikin shekarun 2010 kamfanonin Kano, irin su Algaita, suka yawaita juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, masu tura fina-finai a waya kuma suka kai su kasuwannin ƙauye. Irin wannan kaya ba ya bukatar intanet kafin ya yaɗu, daga waya zuwa waya ya ke tafiya, ko a lokaci irin na Satumba 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Masu fassarar nan su kan ƙara karin magana da barkwancin da babu su cikin asali, watau suna tsaye ne tsakanin mai fassara da ɗan kama. Duk yaron da ke da waya kuwa yana iya share muryar fim ya sa tasa.

Tambayar da za ta fuskanci yaron nan ita ce, wace murya zai ba wa? Ɗan Bafarawa ya kan ce ya tahi, sunka zo, mi kaka so. In aka saba jarumi ya yi Kananci, wawa ya yi Gobiranci, ko kuwa mugu ya yi Hausar Bafillace, to an koya wa dubban yara wani abu game da maƙwabtansu ba tare da an faɗe shi ba. A ƙasar da rikici ya raba mutane da garuruwansu, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Saboda haka bai isa malami ya kira waɗannan abubuwa shirme ya wuce ba. Ya fi amfani ya sa ɗalibansa su kawo guntun fim da aka juya, su rubuta maganar da ke ciki, su ware abin da aka fassara da abin da aka ƙara, sa'an nan su amsa tambaya uku: wa a ke yi wa dariya, yana da damar ramawa, kuma me aka gane game da asalin fim ɗin wanda ba a gane ba dā? Ɗalibin da ya iya wannan ya fara koyon sharhin adabi, zai kuma koma ga waƙoƙin Narambaɗa da kunnen da ya iya rarrabe zambo da wasa.