Lef Yashin, golan da aka zaga aka kuma yaba

Kai mai karatu, in ka taɓa tsayawa kallon ƙwallo a filin gari, ka san yadda ake yi wa gola. Ya kama goma, ba mai cewa komi. Guda ta wuce shi, sai a ce shi ya kashe gida. Mutumin da zan ba ka labarinsa ya sha irin wannan.

Sunansa Lef Yashin. An haife shi a birnin Mosko a 1929. Lokacin yaƙin duniya na biyu, yana yaro, ya yi aiki a masana'anta. Ƙungiya guda ya yi wa wasa, Dinamo ta Mosko, daga 1950 har 1970. Da baƙaƙen kaya yake shiga fili, shi ya sa aka yi masa laƙabi Baƙin Gizo-gizo.

A da, yawancin gola tsaye suke tsakanin turaku biyu, kamar akuya a ɗaure, suna jiran ƙwallo ta zo. Yashin bai yarda da haka ba. Fitowa yake yi ya tarbe ta. In ba ta kamuwa, ya dunƙule hannu ya naushe ta nesa. In ya kama, ba ya ɓata lokaci: sai ya jefa wa ɗan'uwansa da hannu, a koma kan abokan gaba. Kuma bakinsa ba ya shiru. Shi yake ganin fili duka daga baya, don haka shi yake gaya wa 'yan baya inda za su tsaya. A ganina wannan ne babban aikinsa, ya fi tsalle-tsallen da ake nunawa a hoto.

Da shi Tarayyar Sobiyet ta ci zinariyar Olimfik a 1956, da kofin Turai a 1960. Sai ga 1962, kofin duniya a ƙasar Cile. Suna da 4, Kolombiya tana da 1, aka tashi 4 da 4. Ɗaya daga bugun kwana ta shige kai tsaye. Daga baya Cile ta fidda su da 2 da 1. Da suka koma gida, laifi duka aka ɗora masa. 'Yan kallo suka riƙa yi masa ihu, har ya yi tunanin barin wasa.

Ba na cewa bai yi kuskure ba. Ya yi. Amma wannan ƙwallo ta kwana, akwai ɗan baya tsaye jikin turke, ya bar ta ta wuce. Sunan wa aka riƙe?

Shekara ta zagayo. A 1963, cikin wasa 27 na gasar ƙasarsu, sau 6 kaɗai aka ci shi. A shekarar nan mujallar France Football ta ba shi Ƙwallon Zinariya.

Tun 1956 ake ba da wannan kyauta, kuma ban da shi ba golan da ya taɓa samunta. Ba don an rasa gwanaye ba ne. Masu zaɓe ƙwallon da ta shiga suke ƙirgawa, wadda aka hana ba su ƙirga ta. Yashin ya rasu a 1990. A 2019 aka fito da kyauta ta gola kaɗai, aka sa mata sunansa. Girmamawa ce, na yarda. Amma ni sai na ga kamar an zuba wa gola tuwonsa a akushi dabam, an ce ya koma gefe ya ci.