Tongkat Ali: Shin gahawa na dawo da himma?



In ka zaga shagunan Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, za ka tarar da gahawa mai haɗe da saiwar Tongkat Ali, wato sandar Ali. Masu talla na cewa tana ƙara sinadarin maza na testosteron, ta kori kasala, ta dawo maka da himma.

To amma fa a yi hattara. Akasarin gwaje-gwajen saiwar kan mutane ƙalilan aka yi su. A shekarar 2021 hukumar ingancin abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta ce tana iya lahanta ƙwayoyin gado. Ma'aikatar lafiyar Malesiya kuma ta sha gano gahawar ƙarin kuzari da aka zuba wa sildenafil, sinadarin Viagra, a ɓoye, abin da ke da haɗari ga mai shan wasu magungunan zuciya.

Gaskiya ne himma na da nasaba da sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, amma mutuwar jiki kan zama alamar ciwon damuwa, ƙarancin jini ko rashin barci. In ta wuce mako 2, malam, je ka ga likita tukuna.

Sai mun sake saduwa.