4.3 Baƙunci da Zaman Unguwa a Cikin Littafin Shaihu Umar

A sashen da ya gabata an yi bayanin babban jigon wannan littafi, wato bauta da yadda take raba ɗa da mahaifi. A nan kuma za a duba wani ƙaramin jigo da manazarta ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne saukar baƙo a ƙasar da ba tasa ba, da yadda yake sajewa da mutanen da ya tarar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar ne domin gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A lokacin marubucin bai wuce shekara 22 ba, domin an haife shi a 1912, kuma bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ya kama aikin koyarwa a Midil ta Bauchi ba. Wannan bayani yana da muhimmanci ga abin da za a tattauna a gaba.

Taurari biyu ne suka ƙetare Sahara a cikin labarin, Umar da mahaifiyarsa. Abin lura shi ne duk masifar da ta auka musu ta faro ne daga ziyarar zumunci. Bayan an kori mijinta Makau daga Kagara ya je ya zauna a Maƙarfi, sai matar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi shi, ta bar ɗanta a hannun amana. A bayanta aka sace yaron. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, to amma marubucin ya nuna zamanin da ɗaga ƙafar kan jawo wa mutum rabuwa da nasa har abada. Wannan dabara ce mai kyau ta fuskar zubi, domin daga wannan ƙaramar tafiya ce duk manyan tafiye-tafiyen littafin suka tsiro.

Shi Umar, Balarabe Abdulkarim ne ya ɗauke shi daga Kano ya kai shi Ber Kufa, ya miƙa shi ga matarsa Zainab, suka riƙe shi tamkar ɗan cikinsu. Aka sa shi makaranta, ya sauke Alƙur'ani, ya ci gaba da karatun ilimi wurin Shaihu Mas'ud, har daga baya ya gaje shi. Idan aka auna da hankali za a ga cewa shekarun da Umar ya yi a wannan gari su ne suka mayar da shi Shaihun da ɗalibai suke kewayewa a Rauta, amma su ne marubucin ya fi gaggawar wucewa. Mai karatu ya san malamin Umar da uban riƙonsa, bai san unguwar da ya tashi a cikinta ba. Yaro Bahaushe ya faɗa cikin Larabawa, dole ne ya yi fama da harshe, ya yi ƙyuyar abinci, 'yan unguwa su tsokane shi saboda launin fatarsa ko karin maganarsa, kafin a wayi gari ya zama ɗan gari. Marubucin bai tsaya ya gina wannan gwagwarmaya ba. Umar ya shiga Ber Kufa kamar yadda ruwa kan shiga rairayi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Badarawa zai ji wannan giɓi tun a karatun farko, saboda baƙunci abu ne da ake yi kullum a wannan yanki. Mutanen Zurmi da Shinkafi suna da dangi a Maraɗi da ƙauyukanta, iyakar da Turawa suka shata ba ta hana biki da ta'aziyya ba. Ƙaurar Namoda kuwa tun da layin dogo ya iso ta a 1929 ta zama masaukin baƙi daga kudu da arewa. A al'adar waɗannan wurare, baƙo ba ya zama na mai masaukinsa shi kaɗai. Da ya sauka za a ba shi ruwa, maƙwabta su shigo yi masa barka da zuwa, da dare akusa su riƙa fitowa daga gidaje. Kashegari mai masauki ya zagaya da shi gaida dattawa, ya raba tsarabar da ya zo da ita, ya bi jam'i a masallacin unguwa, liman ya san fuskarsa. In mace ce, a wurin daka da ɗiban ruwa da barkar haihuwa ake saninta. Haka Hausawan da suka yi ƙaura suka tafi da wannan tsari zangunan Kumasi da Ankara, da garin Mai Wurno na Sudan wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Marubucin ya san duk wannan sarai, domin inda labarin yake gudana a ƙasar Hausa ya zana fada da fadawa da makircinsu kamar mai karatu yana zaune a wurin. Da labari ya ƙetare hamada sai alƙalaminsa ya yi sanyi.

Ana iya ba shi uzuri ta fuska biyu. Na farko, a 1933 bai taɓa fita ƙasar waje ba, sai a 1945 ya tafi Landan karatu. Ke nan Ber Kufa gari ne da ya gina daga labaran fatake da alhazai, kuma mai ba da labarin tafiya ya fi riƙe wahalar hanya da rijiyoyi da guguwa a kan zaman yau da kullum. Shi ya sa bayanin ayari da guguwar rairayin da ta halaka su Abdulkarim ya fi na garin armashi nesa ba kusa ba. Na biyu, Umar da bakinsa yake ba ɗalibansa labari, kuma malami mai kamun kai ba zai zauna yana faɗa wa almajirai wasannin ƙuruciyarsa ba. Uzuri na biyun yana da rauni, ganin cewa Umar ɗin nan ya ba da labarin abubuwan da suka faru da Makau dalla-dalla, alhali yana jariri lokacin da suka faru.

Domin a ga abin da aka rasa, sai a kwatanta da labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, wanda J. F. Schön ya rubuta daga bakinsa ya buga a Magana Hausa a 1885. Dorugu shi ma bauta ce ta raba shi da gida yana yaro, amma idonsa yana kan ƙananan abubuwa, kamar yadda Turawa suke zama cin abinci da tsarin gidajensu. Mai karatu yana jin mamakin baƙo a jikinsa. Dorugu ya gani da idonsa, Ɓalewa kuwa ji ya yi.

Sai dai akwai wata matsala da ta fi ta salo nauyi. Sauƙin da Umar ya samu wajen zama ɗan gida yana iya sa mai karatu ya manta cewa yaron nan sato shi aka yi, kuma Abdulkarim mai fataucin bayi ne. Abin da ya ceci littafin daga wannan zargi shi ne labarin mahaifiyar. Ita da ƙafarta ta fita neman ɗanta, wanda ya yi alkawarin kai ta ya ci amanarta, ta bi ta Murzuk ta ƙare a Tarabulus a matsayin baiwa a gidan Ahmad. Ba ta da mai masauki, ba ta da maƙwabciyar da za ta kai wa kuka, kuma ta ƙi sakin jiki da gidan domin zuciyarta tana wurin ɗanta. A nan rashin bayanin unguwa ya dace da halin tauraruwar, tunda baiwar da aka tsare ba ta da unguwa. Lokacin da Umar ya iso Tarabulus suka gane juna, ciwo da wahala sun riga sun cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin, wanda aka buga a 1975, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976, dole ta sa suka nuna wa mai kallo gida da sutura da fuskokin mutanen da Umar ya zauna cikinsu, abin da littafin ya bar wa mai karatu ya ƙaddara da kansa. Za a duba yadda suka yi hakan a sashe na 4.4.