Ba kowane "spare" ne safaya ba



Kwanakin baya wani ɗan'uwa ya turo mini takardar cinikin injin ban ruwa da aka fassara masa daga Turanci. A wani layi an rubuta wai za a ba shi injin "tare da ragowar kaya". Ransa ya ɓaci, ya ce shi da ya biya kuɗin sabo, me zai yi da ragowar wani? Har ya fara maganar a mayar masa da kuɗinsa. Da na duba ta Turancin, ashe "spare parts" ne kawai, wato kayan gyara, sababbi fil a leda. Mai fassara ya buɗe ƙamus, ya ɗauki ma'anar da idonsa ya fara faɗawa a kai, ya wuce abinsa.

To ka ga, ita wannan kalma aiki uku take yi a Turanci: tana zuwa a suna, tana zuwa a sifa, tana kuma zuwa a aikatau. Mu Hausawa ɓangare ɗaya tak muka aro, shi ma a bakin direbobi da makanikai. Da yake Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai aka cusa wasali tsakaninsu, "p" ta koma "f", aka samu safaya. Hanyar da sufana ta biyo ke nan. Wannan aro ba ni da ja da shi, ya zauna daram. Je ka Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ce kana neman tayar safaya, ba mai tambayar ka me kake nufi. Har samari sun ɗauke ta, ka ji ana tsokanar wani wai budurwarsa ta ajiye shi safaya. Wannan ma Hausa ce, kuma ta yi daɗi.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda wasu masu rubutu suke ɗora wa safaya kayan da ba nata ba. Na taɓa cin karo da "lokacin safaya". Haba malam! Bahaushe cewa yake "in ka samu sarari" ko "in ka samu sukuni". Ɗakin da aka ware a gida ba kowa a ciki, ɗakin baƙi ne. Kuɗin da suka rage a aljihu, 'yan canji ne. Mabuɗi na biyu kuwa, ɗayan mabuɗin ne, ko na ajiya.

Wurin aikatau ne ɓarnar ta fi yawa, domin can ma'anar ta yi nisa da taya. In an ce sarki "spared his life", ya yi masa rai ne, ya bar shi da ransa. Ai kowa ya san roƙon nan na "a yi mini rai". In an ce ambaliya "spared" wasu gidaje, cewa za ka yi ba ta taɓa su ba, ko sun tsira. Amma sai ka ga an rubuta "ambaliyar ta adana gidajen", kamar wata mai tanadi. Wanda ya ce maka "spare me some water", cewa yake ɗan sam mini ruwa. Wanda kuma ya ce "spare me" cikin fushi, rabu da ni yake nufi, kada ka cika ni da surutu.

Sai 'yan'uwanta a Turanci, su "extra", "surplus", "reserve", "replacement" da "leftover". Mutanenmu suna jefa su a kwando ɗaya, alhali kowace da kishiyarta a Hausa, kuma Hausar ta fi tsefe su. Ƙari shi ne abin da aka ɗora a kan wanda ake da shi. Idan mai tumatir ce ta ɗora maka bayan ciniki, sunansa gyara, kuma kada ka haɗa shi da gyaran da ke cikin kayan gyara. Rara ita ce abin da ya haura buƙata, kamar hatsin da ya wuce cin gida har a kai kasuwa. Ajiya ko na ko-ta-kwana, da gangan aka tanade shi don ranar da za a nema. Madadi shi ne wanda ya maye gurbin wanda ya lalace. Ragowa kuwa an riga an taɓa, an ci an bari, shi ya sa kalmar take ɗauke da ɗan raini. Ka ba baƙo rarar abinci, ba laifi. Ka ce masa ga ragowa, ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Abin da ya tunzura mai injin ban ruwa ke nan, kuma ni dai ban ga laifinsa ba.

Mutanen Sakkwato da Katsina suna da "kingi" a wurin saura. Ku da kuka tashi da ita, shin tana ɗauke da rainin da ke cikin ragowa, ko kuwa saura ce zalla?