Rumbu Ko Juji? Sharhi A Kan Wasu Shafukan Intanet Da Marubuci Zai Amfana Da Su

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, wani matashi daga cikin sababbin 'yan ƙungiya ya karanta mana gajeren labarinsa. Labarin ya yi daɗi, harshensa kuma ba laifi. Ya gina shi ne a birnin Kano kafin zuwan Turawa, amma sai ga tauraron labarin ya shiga kasuwar Kurmi ya sayi rawani, ya zaro sule biyu daga aljihu ya biya. Da aka zo wajen sharhi, wani dattijo a cikinmu ya tambaye shi inda ya samo sule a zamanin da ake ciniki da wuri. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a intanet na gani." Aka yi dariya, aka wuce.

Mu dai abin ya tsaya mana a rai, domin intanet ɗin da ya ɓatar da wannan yaro, a cikinsa amsar tambayar take. Wani Bature mai suna C. H. Robinson ya shigo Kano a ƙarshen 1894, ya ga kasuwar da idonsa, ya kuma bayyana yadda ake ƙirgar wuri a littafin tafiyarsa da aka buga a 1896. Littafin nan yana nan kyauta ga duk mai waya da ɗan abin sayen data. Ashe ke nan matsalar ɗan uwanmu ita ce rashin sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗora wasu shafuka a kan ma'auni, kamar yadda muka saba yi wa littattafai a wannan fili.

Tambayoyi uku muka yi wa kowane shafi. Na farko, wa ya faɗa, kuma a ina ya samo? Malamanmu ba su karɓar magana sai da isnadi, to bai kamata marubuci ya fi su sakaci ba. Na biyu, abin da aka ajiye a wurin zai kai gobe, ko kuwa rumfar kara ce? Na uku, me zai ƙara wa alƙalaminmu?

Babban rumbu

Za mu fara da Internet Archive, wanda wani Ba'amurke, Brewster Kahle, ya kafa a 1996 a birnin San Francisco. A ganinmu babu shafin da ya kai shi amfani ga marubucin Hausa mai son sanin jiya. Dalili kuwa shi ne, hoton littafin ne kacokan ake ɗora maka, tun daga bango har shafin ƙarshe, da sunan maɗaba'a da shekarar bugu. Ba wani ne zai ce maka an ce ba. Gani ya kori ji.

A nan ne mai bincike zai tarar da *Magana Hausa* na J. F. Schön, bugun 1885, wanda a cikinsa akwai labarin rayuwar Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855. Duk mai son ya ji yadda Bahaushe ke jera labari da bakinsa shekara ɗari da saba'in da suka wuce, ya je ya saurari Dorugu. Haka kuma akwai littafin R. S. Rattray na 1913, mai juzu'i biyu, wanda a gaskiya wani malami ne, Malam Shaihu, ya rubuta abin da ke ciki da ajami a ƙasar da a yau ake kira Gana. An buga hoton rubutun malamin a gefe guda, ga boko da fassara a ɗaya gefen. Akwai tatsuniyoyi da karin magana da bayanin al'adu da sana'o'i. Marubucin da ke neman yadda ake buɗe tatsuniya da rufe ta, ko sunayen kayan da suka ɓace daga gidajenmu, ya sami abin nema.

Sai dai akwai hannunka mai sanda. Yawancin waɗanda suka tattara waɗannan littattafai 'yan mishan ne ko jami'an mulkin mallaka, suna da tasu manufa, kunnensu kuma ba ya kama kowane sauti na Hausa. Ba a daidaita ƙa'idar rubutu ba a lokacin, saboda haka za ka ga kalma ɗaya da rubutu iri uku. A ɗauki abin da Malam Shaihu da Dorugu suka faɗa da hannu biyu, a ɗauki sharhin Baturen da hannu ɗaya. Bugu da ƙari, na'urar binciken shafin ba ta iya karanta tsohuwar Hausa sosai. Ya fi sauƙi a nemi littafi da sunan wanda ya wallafa shi, a kuma gwada rubuta sunan harshen yadda Turawan da suke rubuta shi, wato Haussa ko Housa.

Ta fuskar ɗorewa, shi ma wannan rumbu ya sha girgiza. A 2020 wasu manyan kamfanonin ɗab'i huɗu suka kai shi ƙara kan yadda yake ba da aron sababbin littattafai, kotu ta ba su gaskiya a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2024. Hukuncin bai shafi tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare ba, amma darasi ne: abin da ka gani kana so, ka sauke shi ka adana.

Inda ake koyon sana'a

Na biyu shi ne Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara tun 1971, yanzu kuma yana da littattafai fiye da 70,000. Wannan ba rumbun Hausa ba ne, yawancin abin da ke ciki da Ingilishi yake. To, me ya sa muka kawo shi? Mu tuna yadda aka yi *Magana Jari Ce*. Littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiyawa aka tara wa Abubakar Imam a Zariya, ya karance su, ya narka su, ya sake zuba su a tukunyar Hausa har ba ka gane baƙo a cikinsu. Irin tarin da sai hukuma ce za ta iya haɗa wa mutum a wancan zamani, yau yana aljihun ɗan sakandare. Tatsuniyoyin Grimm suna nan, fassarorin *Alfu Laila* suna nan, ga gajerun labaran Chekhov da na Maupassant ga mai son ya ga yadda ake ƙulla labari a shafi biyar a warware shi ba tare da wa'azi a ƙarshe ba. Raunin shafin shi ne fassarorin tsofaffi ne, Ingilishinsu na da nauyi. Wanda Larabci ya fi masa sauƙi kuwa, sai ya nufi Maktaba Shamila, inda dubban littattafan lugga da tarihi da adabin Larabci suke, kuma ana iya neman kalma ɗaya a cikinsu gaba ɗaya.

Ga mai rubutun nazari, akwai African Journals Online, wanda aka fara a 1998, mai tattara mujallun ilimi na jami'o'in Afirka, har da na Nijeriya. Wasu maƙalun kyauta ne, wasu sai an biya, kuma ingancinsu ya bambanta daga mujalla zuwa mujalla, don haka a shiga da rariya.

Ajami

Shafuka biyu sun cancanci yabo na musamman. Ɗaya shi ne shirin ceto takardun da ke fuskantar halaka na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004. Tsarinsa ya burge mu: ana ɗaukar hoton takardu a inda suke, a bar wa masu su kayansu. Akwai rubuce-rubuce daga arewacin Nijeriya da Mali da wasu ƙasashe da dama. Ɗayan kuma shi ne rumbun ajamin Afirka na Jami'ar Boston, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom ɗan ƙasar Senegal, inda aka tara rubutun ajami na Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka. Mawaƙin da ke son ya ga yadda magabata suka riƙe ƙafiya da ma'auni, nan ne makarantarsa. Abin takaicin shi ne bayanan jagora da Ingilishi suke, ga shi kuma da yawa daga cikinmu ba mu iya karanta ajami ba. An buɗe mana taska, mu ne muka yar da mabuɗi.

Wikipedia ta Hausa

Nan ne muka fi daɗewa muna jayayya a tsakaninmu. Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, kowa na iya rubutu a cikinta, kuma sashen Hausa ya bunƙasa ƙwarai da ƙoƙarin matasa 'yan sa-kai, waɗanda ba za mu raina aikinsu ba. Amma duk wanda ya karanta maƙala goma zai ci karo da wasu da na'ura ce ta fassara su, ba a ko duba ba. Kalmomin na Hausa ne, jimlar kuwa ta Ingilishi ce sanye da babbar riga. Haɗarin da ke nan babba ne, domin yaro mai tasowa zai ɗauka haka ake rubuta Hausa, na'urorin fassara kuma daga irin wannan rubutu suke koyo, sai su dawo mana da shi ninki biyu. Abin ya taɓa faruwa ga wasu. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke wanda bai iya harshen Scots na ƙasar Sikotland ba, shi ya rubuta kaso mai yawa na Wikipedia ta wannan harshe, shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Hukuncinmu shi ne, a shiga Wikipedia kamar yadda ake tambayar hanya a tasha: a ji, a gode, sannan a duba madogarar da aka jera a ƙasan maƙala. Wadda ba ta da madogara, a bar ta inda aka gan ta. Kuma tun da ƙofar gyara a buɗe take, laifin ba na 'yan sa-kai ba ne su kaɗai. Ina marubutan da suka iya harshen?

Kasuwar yau

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo inda adabinmu na yau yake zaune, wato Wattpad da Facebook da WhatsApp. Wattpad, wanda aka kafa a Kanada a 2006, ya ba marubuta da yawa, musamman mata, damar kaiwa ga masu karatu ba tare da kuɗin maɗaba'a ko jiran ɗan kasuwa ba. Wannan alheri ne, kamar yadda gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, ta fito da sababbin alƙaluma. Amma a ma'auninmu waɗannan wurare kasuwa ce, kasuwa kuwa takan tashi. Babu edita, ba a kula da ƙa'idar rubutu, haruffa masu ƙugiya sun zama baƙi, sannan labari yakan yi ta yawo daga waya zuwa waya har sunan mai shi ya goge. Wanda ke ganin muna tsoratarwa ne, ya tuna da OkadaBooks, shafin sayar da littattafai na Nijeriya da marubutan Hausa da dama suka yi amfani da shi: an kafa shi a 2013, ya rufe a watan Nuwamba na 2023. Duk wanda bai ajiye kwafin aikinsa a wani wuri ba, ya san abin da ya gani.

Abin da ma'auni ya nuna

Da muka gama wannan zagaye, abu ɗaya ya fito fili, kuma shi ne ya fi damun mu. Ya fi sauƙi a yau mutum ya sami littafin Hausa na 1885 a intanet, cikakke da shekararsa da maɗaba'arsa, da ya sami na 1995. Shahararru irin su *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino da *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu sun tsira, domin an yi ta nazarinsu. To ɗaruruwan da aka buga sau ɗaya a kan takarda mai araha, aka sayar a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, ina suke? Gara da damina suna cin su a akwatuna, waɗanda suka shiga intanet kuwa yawanci ta hanyar sata suka shiga, ba bango, ba shekara, wani lokaci ba ma sunan marubuci. Kakanninmu baƙi ne suka adana su. Mu da muke da ƙungiya da rassa, wa muke jira?

Saboda haka muna ba da shawara uku. Kowane reshe ya tattara littattafan 'ya'yansa, ya nemi izinin marubuci ko magadansa a rubuce, domin dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, sannan a ɗauki hotonsu a ɗora a rumbu mai ɗorewa da cikakken bayani. Na biyu, kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki maƙala ɗaya ta Wikipedia ta Hausa a wata ya gyara mata harshe. Na uku, duk wanda ya buga wani abu a intanet ya ajiye kwafi a wajensa, ya kuma adana shafin a Wayback Machine, sashen Internet Archive da ke riƙe hoton shafuka ko bayan sun mutu. Aikin minti ɗaya ne, kuma kyauta.

Shi kuwa ɗan uwanmu mai sule biyu, mun ba shi sunan littafin Robinson. A zama na gaba ya dawo da labarin, tauraronsa na tsugune a gaban mai rawani ana ƙirga wuri, har mai rawani na ƙorafin an rage masa hamsin. Wurin nan ya fi ko'ina daɗi a labarin. Allah Ya sa mu dace, amin.